Amina Tatsuniya Ce Ko Tarihi? Amsa Ga Mai Sauraron Shirin Fitattun Mata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciya ce a Abuja, ina zaune a Nyanya. Wata ƙawata ta haɗa ni da wani fodkas na Hausa da wasu mata biyu ke gabatarwa a kan fitattun matan tarihi, shi ne abokin hirata a cunkoson safe da na yamma. Na saurari na Sarauniya Amina, da Nana Asma'u, da Gambo Sawaba, da Ladi Kwali, da wasu na ƙasashen waje. Shirin ya shiga raina ƙwarai, har ina so in aika musu da godiya. To amma da na kunna wa kawuna na Amina, sai ya ce rabinsa tatsuniya ce, ba a ma tabbatar ta yi sarauta ba. Gaskiya ne? In haka ne, yabon nawa yana da wani amfani? Kuma ta wace hanya zan gode musu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kawu bai yi ƙarya ba, sai dai ya ajiye maganar a rabin hanya. Matan nan huɗu da kika lissafa kowacce da hanyar da labarinta ya biyo kafin ya iso kunnenki, shi ya sa hukuncin da ya hau kan ɗaya ba lallai ya hau kan sauran ba.

Mu fara da inda gardamar take. Duk mai maganar Amina, ko ya sani ko bai sani ba, akasari daga rubutu biyu yake ɗebowa. Na farko Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812, tun bai zama Sarkin Musulmi ba. A ciki ya ce Amina 'yar Sarkin Zazzau ce, ta yaƙi ƙasashen nan har Kano da Katsina suka riƙa kai mata haraji, ta nausa kudu da yaƙi, ta rasu a wani wuri da ake kira Atagara. Na biyu littafin Tarihin Kano, wanda aka harhaɗa da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19. Wani Bature mai suna Palmer ya fitar da shi da Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Wannan littafi bai ware mata babi ba. Ana cikin ba da labarin Sarkin Kano Dauda, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1421 zuwa 1438, sai aka ratsa da 'yan layuka: a zamanin nan Amina ta Zazzau ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma yaƙe-yaƙenta sun ɗauki shekara 34. Iyakar abin ke nan.

Sai kuma matsala ta ɓullo daga gida. Jerin sarakunan Zazzau da aka gada babu sunan Amina a ciki. Akwai Bakwa Turunku, da ake sa mulkinsa wajen 1536, wanda bakin mutane ya ce shi ya haife ta, wasu ma suka ce Bakwan mace ce. In 'yar Bakwa ce, to a ƙarni na 16 ta rayu. In kuwa zamanin Dauda ta yi, a ƙarni na 15 ne. Tsakanin biyun akwai kusan shekara 150, kuma har yau masana ba su haɗu a kan ɗaya ba. Za ki ga a intanet an rubuta cewa ta hau mulki a 1576 ta rasu a 1610, kamar wani ya tsaya a bakin kabarin da alƙalami. Ki ɗora 34 a kan 1576 ki ga abin da zai ba ki. Lissafi ne aka yi: an ɗauko shekarar farawa daga ƙiyasin wasu masana, aka ɗauko tsawon yaƙin daga Tarihin Kano, wanda shi kuma ba a wannan ƙarnin ya ajiye ta ba, aka haɗa su aure.

Wannan shi ne rabon kawu a maganar, kuma a ba shi abinsa. Inda na rabu da shi shi ne tsallen da ake yi daga "ba mu da tabbacin shekarunta" zuwa "ba a yi ta ba". Malamin Sakkwato ya ambace ta, marubucin fadar Kano ya ambace ta, mutanen Zazzau suna da kirarinta, "Amina 'yar Bakwa ta san rana", ga tsofaffin ganuwoyi birjik a ƙasar Hausa da ake jingina wa sunanta, ga Turunku tana nan a ƙaramar hukumar Igabi. Me marubucin Kano zai ƙaru da shi in ya ƙirƙiro wa Zazzau, abokiyar gabar garinsa, jarumar da babu ita? A ganina an yi mace mai wannan suna wadda ta riƙe ƙarfin yaƙi a Zazzau har ta girgiza maƙwabta. Ko ta hau gadon sarauta ne, ko kuwa 'yar sarki ce mai riƙe da runduna ko wata sarauta ta mata irin Magajiya, wannan shi ne abin da ya rage a buɗe. Ƙasar Hausa ba baƙuwar mata masu iko ba ce. Shi wannan Tarihin Kano ya ambaci Madaki Auwa, uwar Sarki Abdullahi ɗan Rumfa, ya ce ana jin maganarta ƙwarai a tsakanin masu mulkin zamaninta. Ga kuma jerin Magajiyoyin Daura, ga Innar Gobir, ga Magira a Borno.

Ke da kike Abuja ma labarin ya fi kusa da ke fiye da yadda kike zato. Lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka wajen Zuba. Ƙanensa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, garin da ya ba babban birnin tarayya sunansa ya koma Suleja. Shi ya sa har gobe sarkin can Sarkin Zazzau ake ce masa. Tsohon gidan sarautar da Amina ta fito daga cikinsa ke nan, kuma wani kaso na labarinta da ake yawo da shi daga bakin mutanen can aka rubuta shi, a littafin tarihin Abuja na Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi. Daga Nyanya zuwa Suleja tafiyar yini ɗaya ce ki je ki dawo, har da tsayawa kallon dutsen Zuma.

Abin da zan ce ki riƙe da hannu biyu-biyu kafin ki maimaita shi ne labarin nan na cewa duk garin da ta ci sai ta ɗauki namiji ta kwana da shi, da safe ta sa a kashe shi. Babu shi a wajen Bello, babu shi a Tarihin Kano. Irin labarin da maza ke ɗora wa kowace mace da ta fi ƙarfinsu ne, kuma ana samun kwatankwacinsa a kan sarauniyoyin wasu ƙasashe. Hoton nan ma na mace a kan doki da takobi da ake liƙawa a ko'ina zanen masu zanen zamaninmu ne. Babu wanda ya san kamanninta.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwo. In shirin ya taɓo Fatima al-Fihri, wadda ake cewa ta kafa Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko a shekarar 859, ki sani labarin nata daga littafin Ibn Abi Zar' ya fito, wanda aka rubuta a ƙarni na 14, bayan ta da fiye da shekara 400, kuma masallaci aka fara ginawa, karatun ya bunƙasa ne daga baya. Haka Sarauniyar Lugu, a yankin da ake kira Arewa a Nijar, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Yaƙin an yi shi, amma yawancin abin da mutane ke faɗa a kanta yau daga ƙagaggen labarin Abdoulaye Mamani na 1980 ya fito, da fim ɗin da aka yi a kansa a 1986.

Saboda haka ma'aunin shiri mai kyau ba wuya gare shi. Ki sake kunna na Amina, ki kasa kunne. In kin ji suna cewa "an ce", "a wata ruwaya", "masana sun saɓa", "Bello ya rubuta cewa", to matan nan sun san aikinsu, kuma kawu bai kama su da laifin komai ba, domin ba da tatsuniya a matsayin tatsuniya ba aibi ba ne. In kuwa sun zuba komai da murya ɗaya, da shekarar haihuwa da sunan doki da abin da ta faɗa wa mayaƙanta a daren yaƙi, to sun haɗa tsaki da tsakuwa, kuma ke mai ƙaunar shirin ke ce kika fi cancanta ki gaya musu.

Nana Asma'u kuwa wata duniya ce daban, domin ita maganarta muke karantawa da kanta, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. 'Yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, an haife ta a 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Tana da shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, wato yaƙin da mu muke karantawa a aji ita a kan idonta aka yi shi, da yunwarsa da ƙaurarsa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya zama Wazirin Bello, ta rayu har 1864, kabarinta yana Hubbaren Shehu a Sakkwato. Ta bar rubuce-rubuce kimanin 60 da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma da yawansu mun san shekarar da aka yi su, saboda al'adar malaman lokacin ce su rufe waƙa da ramzi, a ɓoye shekarar Hijira a cikin haruffa. Takardun sun zauna a gidan Waziri, hannu zuwa hannu, har zuwa kan Waziri Junaidu, wanda jininta ne. Shi ya buɗe wa Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ƙofar karanta su. Ta fitar da tarihin rayuwar Nana a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a kundi guda a 1997. Duk wanda ya faɗi magana a kan Nana Asma'u ana iya ce masa: a wace waƙa?

Abin da ya fi burge ni a aikinta tsarin 'Yan Taru ne, domin mace ce da ta zauna ta duba halin da ake ciki, ta yi dabara daidai da shi. Matan aure na ƙauyuka ba za su iya barin gidajensu su zo Sakkwato ko Wurno karatu ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali da riƙon amana, ta naɗa su jajoji, wato jagororin tawaga, ta ɗora wa kowacce malfa ta ɗaure da jan ƙyalle. Jaji za ta taho da tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su yi aure ba, su zauna su hardace waƙoƙi, su koma gida su koyar da na cikin ɗaki. Karatun a waƙe yake saboda waƙa ba ta bukatar takarda, mace tana daka ko kaɗi tana maimaitawa. A ciki akwai tauhidi, da alwala da salla, da tarihin Annabi (SAW), da tarihin Shehu a Waƙar Gewaye, har da wata gajeriyar waƙa da ta jero sunayen surorin Alƙur'ani gaba ɗaya. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon aikin. In kin lura, abin da matan shirin nan ke yi miki a cikin mota bai yi nisa da wannan ba: ilimi ta kunne, daga mace zuwa mace, ga wadda hannunta ke cikin wani aiki.

Sai dai haɗarin da ke kan Nana kishiyar na Amina ne. Masu shirye-shirye, musamman in daga rubutun Turawa suka kwaso, suna son su sa mata rigar 'yar gwagwarmayar zamani, kamar wadda ta fito zanga-zangar neman daidaito. Nana Asma'u malama ce 'yar Ƙadiriyya, 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. Tana cikin masu gina daular, ta yi waƙar murnar nasarar yaƙin Gawakuke na 1836, ta yi kakkausan gargaɗi a kan bori, kuma cikin matan da aka so karatun ya kai gare su akwai waɗanda yaƙi ya kawo su gidajen Sakkwato ba da son ransu ba. Shirin da ya ɓoye wannan don kada ya ɓata wa masu sauraro rai ya rage mata tsawo. Ni na fi son a ba ni ita yadda take. Kuma a cikin marsiyoyinta akwai abin da ba kasafai ake faɗa ba: bayan na Bello da Giɗaɗo da manyan malamai, ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, macen da ba ta da sarauta ba ta da littafi, ta yabe ta da kyakkyawan zama da mutane da riƙon zumunci. Ba don waƙar nan ba da babu wanda ya san an yi Halima.

Hajiya Gambo Sawaba ta jiya-jiya ce. An haife ta a 1933, mahaifinta mutumin Gana, mahaifiyarta Banufiya, ta tashi a Zariya, ta shiga NEPU tana da shekara 17, ta je har Abeokuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti don ganin yadda ake haɗa kan mata. Ta sha duka, ta sha ɗauri, adadin da aka fi ambata shi ne sau 16. Abin da take nema kuwa sai 1976 aka same shi, lokacin da matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, bayan takwarorinsu na Kudu sun yi wajen shekara 20 suna yi. Ta rasu a 2001, ta yi hira da 'yan jarida da bakinta, Rima Shawulu ya rubuta tarihinta aka buga a Jos a 1990, kuma akwai tsofaffi a Sabon Garin Zariya da suka zauna da ita. Nan in an yi kuskure gyara yana da sauƙi. Abin da na fi so shiri ya yi da ita shi ne ya bar ta da zafinta da tsiwarta. A jamhuriya ta biyu ma GNPP ta Waziri Ibrahim ta shiga, ba ta bi Malam Aminu Kano zuwa PRP ba, kuma wannan labari ne da ya cancanci minti goma shi kaɗai.

Ladi Kwali tana cikin jakarki, a bayan naira 20, tana gina tukunya. Bagwariya ce daga Kwali, nan cikin yankin babban birnin tarayya a kan hanyar Lokoja, an haife ta wajen 1925. Kuskuren da aka fi yi a kanta shi ne a ce Bature ne ya koya mata sana'a. Ina! Kafin Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja a farkon shekarun 1950, ita ta riga ta gama ƙwarewa a gida, wajen matan danginta, tana ɗora yumɓu da hannu tana zagaya tukunyar, tana zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi a jikin randa. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta, a fadarsa Cardew ya gan su. Ta shiga makarantar a 1954, mace ta farko. Abin da ta ƙaru da shi can shi ne aiki da injin juyi da gashi a tanderu mai tsananin zafi da shafa ruwan ƙyalli, sai ta ɗauki waɗannan ta ɗora a kan randar Gwari. An baje kolin aikinta a Landan, ta zagaya Amurka a 1972 tana nuna yadda ake yi, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta samu lambar yabo ta ƙasa, NNOM, a 1980, ta rasu a Minna a 1984. Hujja a kanta iri ce ta daban: ba ta bar rubutu ba, amma tukwanen suna nan a gidajen tarihi, ana taɓa su. Sai dai yawancin abin da aka rubuta game da tunaninta ta bakin wasu ya fito, akasari Turawa maza. In shirin ya sa mata dogayen maganganu a baki, ki tambayi daga ina.

To sai batun godiya. Ki aika, kada ki fasa, yaba kyauta tukuici. Mai yin irin wannan shiri magana take yi da bango. Mai rediyo aƙalla ana buga masa waya kai tsaye, ita kuwa ta karanta littafi uku, ta naɗi murya da dare bayan yara sun yi barci da janareton maƙwabta ya yi shiru, ta yanke, ta gyara, ta ɗora da datarta, abin da za ta gani a ƙarshe lamba ce a allo. Saƙo guda daga mutum mai rai yana iya hana shiri mutuwa.

Amma "Allah ya ƙara basira, muna jin daɗin shirinku" ba ya gaya musu komai. Ki faɗi wane kashi, wane wuri a cikinsa, me ya sa ya tsaya miki. Ki ce a cunkoson Nyanya kike ji, domin wannan kaɗai ya sanar da su cewa mai sauraronsu tana cikin hayaniyar mota, ya kamata murya ta fita sosai, kiɗan ƙasa ya ragu, kuma tsawon minti 30 zuwa 40 ya fi mata awa biyu. Sannan ki sa maganar kawu a ciki, da ladabi, ta saƙon sirri ba a bainar jama'a ba: kin ji an ce sunan Amina ba ya cikin jerin sarakunan Zazzau, ko za su taɓo wannan wata rana? Mai shirin kirki murna za ta yi, don kin ba ta kashi guda kyauta. Ki roƙe su kuma su riƙa rubuta sunayen littattafan da suka duba a ƙarƙashin kowane kashi.

Akwai wani abu da masoya ke yi da kyakkyawar niyya yana cutar da masu shiri, wato a sauke sautin a riƙa tura shi a WhatsApp daga zaure zuwa zaure. Mutum dubu za su ji, amma a lissafin manhaja mutum ɗaya ne ya ji, kuma da wannan lissafin ake zuwa wajen masu talla da masu ɗaukar nauyi. Linki za ki tura. Ki danna alamar bin shirin a Spotify ko Apple Podcasts ko duk inda kike ji, ki ba shi taurari, ki kuma bar shi ya kai ƙarshe, domin manhajojin nan suna nuna wa mai shiri daidai inda mutane ke tsayawa. In a YouTube suke, sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara kafin ta fara samun rabon kuɗin talla, kin ga danna maɓalli ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a wajensu. In kuma suna karɓar gudummawa, kuɗin data na wata guda ma taimako ne.

Tukuicin da ya fi duk waɗannan shi ne ki kai musu kaya. Duk shirye-shiryen nan suna zagaye ne a kan mata goma zuwa goma sha biyar, saboda su ne ke da rubutu a intanet. Ki ambata musu Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, marubuta waƙoƙin da aka buga a Alƙalami a Hannun Mata a 1983. Ki ambaci Hafsat Abdulwaheed da ta buɗe wa mata ƙofar ƙagaggen labari da Hausa a 1980, da Hajiya Bilkisu Yusuf, editar jarida da ta rasu a turmutsutsun Mina a 2015, da Barmani Choge. Ki ce su leƙa zauren karrama mata da ke Cibiyar Bunƙasa Mata ta Ƙasa a nan Abuja su kwafi sunaye.

Sannan ki ba su labarin Baba ta Karo, in ba su san shi ba. Tsohuwa ce Bahaushiya, an haife ta a 1877, ba 'yar sarki ba, ba malama ba, ta yi aure huɗu ba ta haihu ba. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a Giwa da Zariya, wata Baturiya mai jin Hausa, Mary Smith, ta zauna tana rubuta abin da take faɗa: harin masu kamun bayi, zaman rinji (ƙauyen bayi), zuwan Turawa, kishi, ƙawance, bori, goyon ɗan wani, yadda ake aure da yadda ake fita daga cikinsa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, ba ta gan shi ba. Yau duk jami'ar da ake nazarin rayuwar matan Hausa a duniya sai an karanta ta. Abin da muka sani game da cikin gidan talaka kafin zuwan Turawa ya fi yawa daga bakinta fiye da duk littattafan fada, kuma dalili ɗaya ne, an samu mai zama ta saurara.

Garin da kike zaune cike yake da irinta. An kafa dokar babban birnin a 1976, gwamnati ta tare a watan Disamba 1991. Matan Gwari da aka tashi ƙauyukansu aka kai su Sabon Wuse ko Kubwa suna nan da ransu. Masu ginin tukwane na Ushafa suna nan. Matan da suka dafa wa leburori abinci lokacin da Garki da Wuse ke daji, da ungozomomin da suka karɓi haihuwar 'ya'yan ma'aikatan farko a Nyanya da Karu, da malaman Islamiyyar matan aure na farko a unguwanninku, duk babu wanda ya naɗi muryarsu, kuma kowace shekara ana raguwa. Wayar da kike jin shirin da ita tana ɗaukar murya.

In za ki yi, ki zaɓi ɗaki mai labule da katifa ko darduma, ki kashe fanka, ki ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinta. Ki fara da faɗin kwanan wata da wurin da sunanta da garin da aka haife ta, domin sautin da ba shi da waɗannan rabin amfaninsa ya tafi. Kada ki ce "Iya, ba ni tarihinki", za ta ce ita wane tarihi gare ta. Ki tambaye ta wa ya yi mata kitson aure, nawa ake sayar da mudun gero shekarar da ta yi haihuwar fari, a wace mota ta fara zuwa Abuja kuma me ta tarar a bakin hanya. Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, suna riƙe ta da abin da ya faru, don haka ki tambaya ko kafin canjin kuɗi ne, ko bayan kashe Murtala, ko zamanin Shagari, ke kya mayar da shi lamba daga baya: canjin fam zuwa naira 1973, Murtala 1976, Shagari 1979 zuwa 1983. In ta yi shiru kada ki cike mata shirun. Ki ajiye kwafi a wuri biyu. Kuma kafin ki tura wa masu shirin ko daƙiƙa ɗaya, ki nemi izininta da na 'ya'yanta a fili, ki gaya mata duniya ce za ta ji. Wata za ta yarda a sa labarin amma a sakaya sunanta, wata za ta ce muryarta ba ta fita waje, sai dai wani ya karanta. Wadda ta ce a'a gaba ɗaya, a bar wa jikokinta sautin a gida.